Tera da Rigimar Doka a Fagen Pokémon

Wasan Pokémon ya fito a Japan ranar 27 ga Fabrairu 1996. Kamfanin Game Freak ne ya ƙirƙira shi don na'urar Game Boy ta Nintendo, kuma da yara aka yi niyya: ka kama dodanni, ka rene su, ka haɗa su faɗa. Yau dodannin sun haura dubu, kuma a bayan zanen nan mai ban sha'awa akwai lissafi mai tsauri da manya ke kwana a kai. Kowane dodo yana da jinsi ɗaya ko biyu daga cikin 18, irin su wuta, ruwa, ciyawa, lantarki, ƙasa, ƙanƙara da ƙarfe. Harin ruwa kan ninka ɓarna a jikin ɗan wuta, lantarki ba ya taɓa ɗan ƙasa ko kaɗan, wanda kuma jinsinsa biyu duk suke tsoron abu guda, ɓarnar sai ta ninka huɗu. 'Yan wasa biyu suna zaɓen abin da za su yi a lokaci guda, babu mai ganin na wani. Saboda haka gwani shi ne mai iya karanta zuciyar abokin karawarsa daga abin da ya sani tabbas, kuma babban abin da ya sani tabbas shi ne jinsin dodon da ke gabansa.

Gasar da kamfanin ke shiryawa da kansa, wato VGC, ta biyu-biyu ce: ka zo da dodanni shida, ka zaɓi huɗu, biyu a fage a lokaci guda. Amma akwai ɗimbin masu son karawar ɗaya-da-ɗaya da dodanni shida-shida, kuma kamfanin bai taɓa damuwa da daidaita musu wasan ba. Su suka yi wa kansu doka. Ƙungiyar Smogon, wadda ta kafu a 2004, ita ce ta fi faɗa a ji a wannan fage, kuma yawancin karawarta a manhajar Pokémon Showdown ake yi. Ta raba dodanni rukuni-rukuni gwargwadon yawan amfani da su. Babban rukunin shi ne OU, a samansa kuma akwai Ubers, inda ake tura waɗanda suka fi ƙarfin kowa. Idan aka zargi wani abu da ɓata wasa, ko dai majalisar rukunin ta kore shi nan take, ko a buɗe gwaji: duk mai son jefa ƙuri'a sai ya hau tsanin karawa ya kai wani mataki na ƙwarewa tukuna, kuma a OU ba a korar komai sai da kashi 60 cikin ɗari. Babu albashi, babu hukuma. Dokar tana aiki ne kawai don mutane sun yarda su bi ta.

Korar dodo guda abu ne da aka saba. Abin da ke tada ƙura shi ne taɓa sabon salon da Game Freak ke ɗora kowane zubi na wasan a kansa. A 2013 an kawo Mega, a 2016 aka kawo harin Z, duk aka zauna da su. Sai Sword da Shield suka fito a Nuwamba 2019 da Dynamax: dodo ya kumbura na zagaye uku, jininsa ya ninka biyu, harinsa ya riƙa ƙara masa gudu ko ƙarfi yana cikin duka. Gyarados kan tashi da harin Max Airstream ya share fage, har ta kai mutane na yawo da Ditto, dodon da ke kwaikwayon abokin gaba, don kawai su sami abin tare shi. Kafin shekarar ta ƙare an jefa ƙuri'a, aka haramta Dynamax da gagarumin rinjaye. Ba a daɗe ana musu ba, domin ɓarnar a fili take.

Tera ba haka take ba. Ta zo da Scarlet da Violet ranar 18 ga Nuwamba 2022. Kowane dodo yana ɗauke da wani jinsi na ɓoye da mai shi ya zaɓa masa tun a gida, kuma sau ɗaya a karawa ɗan wasa na iya juya dodo guda zuwa wannan jinsi, ya zauna a haka har ya faɗi. Juyin yana faruwa kafin kowa ya kai hari a wannan zagaye. Dodon ba ya rasa ƙarin ƙarfin da yake samu a hare-haren jinsinsa na asali, idan kuma jinsin Tera ya dace da na asalin, ƙarin ya tashi daga ɗaya da rabi zuwa ninki biyu. Akwai ma wani hari, Tera Blast, da ke ɗaukar duk jinsin da aka juya zuwa gare shi.

A duba Kingambit. Jinsinsa duhu da ƙarfe, don haka harin 'yan dambe kan yi masa ɓarna ninki huɗu, kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa da kashi goma duk lokacin da ɗaya daga cikin 'yan uwansa ya faɗi. Shi ya sa ake ajiye shi sai ƙarshe. Kai kuma ka yi ta tattalin ɗan dambenka tun farkon karawa domin wannan lokaci. Ka kai hari, sai ya juye ya zama ɗan sama ko ɗan aljanu, dukan da ya kamata ya kashe shi ya zama shafa, shi kuwa ya yi rawar takobi ya ninka ƙarfinsa. Daga nan sai Sucker Punch, harin da ke riga kowa sauka, ya bi sauran naka ɗaya bayan ɗaya. Masu adawa da Tera suna cewa ba ka yi kuskure ko ɗaya ba, amma ka sha kaye. Masu goyon baya su ce kuskurenka tun baya ne: ka ga bai taɓa Tera ɗinsa ba har zagaye na talatin, me kake tsammani yake ajiye ta domin sa? Kamata ya yi ka matsa masa ya kashe ta da wuri.

Wannan amsa tana da ƙarfi fiye da yadda abokan hamayyarta ke yarda. Tera dukiya ce da ake kashewa sau ɗaya, kuma sanin lokacin kashe ta gwaninta ce ta gaske. Tana kuma ceton mai tsaro yadda take ceton mai hari. Rundunar da ta haɗu da wadda ta fi ƙarfinta tun a kallon farko, a da sai dai ta yi haƙuri, yanzu tana da ƙofa ɗaya ta kuɓuta. Da dodanni suka yi yawa haka, babu runduna mai dodanni shida da za ta iya tanadin maganin kowa, Tera ce ke toshe ɓarakar. Ba kuma kowane juyi ne abin mamaki ba. Duk wanda ya ga Dragonite ya san akwai yiwuwar ya koma jinsin gama-gari don ƙara wa harinsa na Extreme Speed nauyi.

To amma ɓoyayyen abu iri-iri ne. Tun zubin Black da White na 2010 ake nuna wa kowa dodannin abokin karawarsa kafin a fara, ba a dai nuna hare-harensu da kayan da suke riƙe da su. Waɗannan kuwa suna barin sawu. Idan dodo ya riga ka motsi alhali bai kamata ba, ka gane yana sanye da gyalen gudu. Idan dukansa ya yi nauyi fiye da lissafi, ka gane abin da ke hannunsa. A hankali kana tara sani, kana rage zato. Jinsin Tera ba ya barin sawu sai ya bayyana, kuma sa'ar da ya bayyana ita ce sa'ar da ya gama yi maka illa. A nan ne, a ganina, masu ƙorafi suke da gaskiya, kuma ƙorafin nasu bai shafi ƙarfin Tera ba sosai kamar yadda ya shafi duhun da take ciki.

An buɗe gwajin Tera a OU a Disamba 2022, wasan bai cika wata biyu ba. Tambayar farko ita ce a ɗauki mataki ko a bar ta. Idan an yarda a ɗauka, sai a zaɓi wanne: a haramta ta gaba ɗaya, ko a bayyana jinsin Tera na kowane dodo kafin a fara, ko a taƙaita ta ga jinsin asali, ko a ce dodo ɗaya tak ke da izini a runduna. Masu son mataki sun sami kimanin kashi 59. Kashi 60 ɗin bai cika ba, aka bar Tera yadda take. Tsarin tambayar kansa ya taimaka. Mutumin da ke son Tera amma yake son a ɗan yi mata linzami yana da dalilin jin tsoron cewa in ya ce a ɗauki mataki, ƙuri'arsa za ta buɗe ƙofar haramci. Ga shi kuma an yi gwajin da wuri, lokacin da dodanni irin su Chi-Yu ke ta'adi da Tera ko babu ita, ba a gama bambance laifin wane da na wane ba.

Abin da ya biyo baya shi ne jerin kora. Annihilape ya tafi a farkon 2023, domin da zarar ya koma ɗan ruwa babu mai iya kayar da shi kafin harinsa na Rage Fist ya cika ƙarfi. Espathra ta bi shi. Regieleki ne misali mafi tsabta: ɗan lantarki zalla, ya fi kowa gudu, amma a zubin baya duk wani ɗan ƙasa kan tsaya masa a gaba ya rasa abin yi. Da ya sami Tera Blast na ƙanƙara, 'yan ƙasar suka zama abincinsa, cikin 'yan kwanaki da isowarsa aka kore shi. Volcarona kuwa ta shekara goma sha biyu ana zaune da ita, tana da haɗari amma an san maganinta. A Yuni 2023 majalisa ta kore ta ba tare da ƙuri'ar jama'a ba, abin da ya jawo surutu mai yawa, aka dawo da ita a ƙarshen shekarar, aka sake korar ta a 2024, wannan karon da ƙuri'a. Laifinta shi ne ba ka san ko ƙasa za ta zama, ko ruwa, ko ciyawa ba, kuma abin da ke tare wannan ba ya tare wancan. Kingambit shi ma an gurfanar da shi a 2023, ya tsira. An bar jaki ana dukan taiki.

Masu kare wannan hanya suna da hujjar da ba ta son rai ba ce. Smogon tana da tsohuwar ƙa'ida cewa doka mai sauƙi ta fi doka mai rassa, kuma kada a taɓa yadda wasan yake a ainihin na'ura. Sun koyi wannan da wahala. Harin Baton Pass, mai miƙa wa na baya duk ƙarfin da na gaba ya tara, an yi ta yi masa ƙananan dokoki: a rage yawan masu riƙe shi, a mayar da su ɗaya, a hana haɗa gudu da wani ƙarin. Kowane karo sai wani mai wayo ya samo rami, har aka gaji aka haramta shi ɗungurungum a 2017. Dokar barci ma, wadda ta hana sa dodo fiye da ɗaya barci, shekaru ana gunaguni cewa ta saɓa wa ainihin wasan, sai a Janairu 2024 aka soke ta a OU aka haramta hare-haren sa barci kawai. Wanda ya ga waɗannan, in ya ji an ce a yi wa Tera rabin doka, dole ya yi ɗari-ɗari.

Sai dai bayyana jinsin Tera ba irin waccan dokar ba ce. Ba ta canja lissafin komai, ba ta hana kowa komai, kuma mutum biyu masu riƙe da na'ura za su iya yin ta da takarda da biro. Hasali ma haka kamfanin ya yi. Tun kakar 2023 manyan gasannin VGC suka koma buɗaɗɗiyar takarda, inda kowa ke miƙa wa abokin karawarsa jerin dodanninsa da hare-harensu da kayansu da jinsin Tera ɗinsu, kuma a haka aka buga gasar duniya ta Yokohama a wannan shekara. Abin dariya ne a ce masu tsoron kauce wa ainihin wasan sun fi mai wasan tsauri.

Ba zan ce bayyanawar za ta warware komai ba. Ko ka san Kingambit ɗan sama zai zama, ba ka san ko a wannan zagaye zai juya ba, don haka canki-cankar tana nan, sai dai ta ragu daga hanyoyi da yawa zuwa biyu. Za kuma a yi asarar tarkon da masu basira ke ɗanawa da jinsin da ba wanda ya zata, kuma wannan asara ce ta gaske, domin wani ɓangare na daɗin wasan a nan yake. Amma tsakanin rasa tarko da rasa Volcarona, ni na san wanda zan zaɓa. Mutumin da ya san abu biyu ne kawai za su iya faruwa yana iya shirya wa ƙarshen karawa tun daga tsakiyarta.

Wasu rukunan ba su jira ba. Monotype, inda dole dodanni shida su yi tarayya a jinsi guda, ya haramta Tera tun da wuri, don ta rushe tushen rukunin. National Dex, wanda ke haɗa dodanni da salon duk zubin da suka wuce, ya zauna da ita kusan shekara biyu yana kora. A can ne aka ga Shedinja, ƙwaron da jininsa ɗigo ɗaya ne amma babu harin da ke taɓa shi sai wanda jinsinsa ke tsoro. Idan ya koma ɗan lantarki, ƙasa kaɗai yake tsoro, idan kuma aka ba shi balan-balan ya riƙe, ƙasar ma ba ta kai gare shi. A ƙarshen 2024 rukunin ya jefa ƙuri'a ya haramta Tera, daga nan ya shiga buɗe wa wasu daga cikin korarrun ƙofa su dawo.