Horon Kare da Allurar Rigakafi a Ƙasar Arewa

A ƙasar Arewa, daga Dogondutsi da Matankari zuwa Tibiri da Kore Mairuwa, ana ajiye kare ne don aiki: ya bi mafarauci daji da rani, ya tsare gida da garke da dare. Horon da yake samu ya tsaya kan wannan. Yana sanin fito da kiran ubangidansa, yana sanin korar zomo, amma da wuya a koya masa tsayawa hannu ya taɓa jikinsa. Ko da yake a mazhabar Malikiyya, wadda Musulmin yankin ke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, al'ada ta sa ana nesa da shi. Sau da yawa abin da ya sani daga hannun mutum shi ne jifa.

Illar wannan tana fitowa ranar da ake bukatar yi masa allura. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe mutum wajen 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta hanyar kare cutar ke shiga. Masana sun daidaita a kan cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri rigakafi, cutar kan daina yaɗuwa. An gwada haka a Njamena ta ƙasar Chadi a 2012 da 2013, cutar kuwa ta ja baya sosai. Sai dai saniya ana iya kora ta cikin shinge a soka mata allura. Kare kuwa sai mai shi ya kawo shi, ya kuma riƙe shi.

Hanyar da aka fi sani ita ce ƙarfi: igiya a wuya, a danne shi ƙasa, a ɗaure baki. Tana biyan bukatar ranar, amma kare ba ya mantuwa. Baɗi da ya hango baƙo da jaka sai ya shige daji, ga shi rigakafin sai ana maimaitawa.

Hanyar da likitocin dabbobi ke fifitawa yanzu ta samo tushe daga binciken Pavlov, masanin Rasha da ya nuna cewa kare na haɗa alama da abin da ke biyo bayanta. Ana farawa da shafa wuyansa, nan take a ba shi loma. Idan ya saba, sai a riƙa ɗaga fatar bayan wuya, inda ake yawan yin allurar ƙarƙashin fata, a saki, a ba shi loma. Daga nan a dangwala masa tsinke marar kaifi, sannan sirinji marar allura, a ƙarshe a sa wani wanda bai sani ba ya yi hakan. Tsarin yana da muhimmanci: taɓawa ce ke gaba, abinci na biye. Idan kare ya sandare, ko ya kwantar da kunne, ko ya ƙi karɓar lomar, an yi gaggawa ke nan, sai a koma matakin baya. Takunkumi ma haka ake saba masa da shi. Kwikwiyo ya fi saurin ɗauka kafin ya cika wata uku, lokacin da aka saba yi masa allurar farko.

Hanyar tana da iyaka. An tsara ta ne don karen da ke kwana cikin ɗaki yana da mai shi guda, alhali karen ƙauye yawo yake, abincinsa ƙanzo da abin da ya tsinta. Wanda ya girma da duka kuwa, horonsa kan ɗauki makonni, wani ma ba ya horuwa. Duk da haka ba ta bukatar kuɗi, kuma ba baƙuwa ba ce ga mafarauci, wanda dama da kayan cikin abin da aka kama yake saka wa karensa. Mafarauta da yaran da ke ciyar da karnuka su ne ya kamata ma'aikatan kiwo su fara nema tun kafin ranar rigakafi, domin su ne kare ke yarda su riƙe shi.