Jinjina ga Masu Ɗawainiyar Scór na nÓg

Idan hunturu ya kankama a ƙasar Ailan, filayen wasa suka jiƙe sharkaf, sai kulob-kulob na ƙungiyar wasanni ta GAA su koma cikin zaure. Nan ake Scór na nÓg, gasar yara ta kiɗa da waƙa da rawar gargajiya, reshen babbar gasar Scór da GAA ta kafa a 1969.

Masu ɗawainiyar nan sun cancanci jinjina, domin aikin sa-kai suke yi. Dubi yarinya a bayan labule, tafin hannunta duk gumi, ta damƙe siririyar sarewar ƙarfe mai huda shida. Wani dattijo ya durƙusa yana ɗaure wa ƙanenta igiyar takalmin rawa. Ana kiran sunan ƙauyensu sai goge ya ɗauka, yara takwas suka shiga fage, ƙafafunsu na dukan katako a tare.

Wanda ya yi nasara ya wuce gunduma, sannan lardi, har wasan ƙarshe na ƙasa baki ɗaya. Ni dai zauren ƙauyen nan ya fi taɓa min zuciya, inda kaka ke bin waƙar jikarta da leɓɓa.