Jinjina ga Almajiran Tuƙin Jirgin Sama

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da filin jirgin sama na Zariya da hantsi, inda makarantar koyon tuƙin jirgi take tun 1964, ya ga ƙaramin jirgi yana tashi, ya kewaya, ya taɓa ƙasa, ya sake ɗagawa ba tare da ya tsaya ba, zai iya zaton wasa ake yi, alhali kuwa tilawa ce irin ta mai hadda, wanda ba ya barin allo sai karatu ya zauna.

Abin da ya fi ba ni sha'awa cikin darussansu shi ne wanda malami kan umurci ɗalibi ya rage wuta, ya yi ta ɗaga hancin jirgi da gangan har iskar da ke ɗauke da fikafikai ta kuɓuce, jirgi ya yi makyarkyata ya soma faɗuwa. A wannan lokaci, da ɗabi'ar ɗan Adam ke raya masa ya ƙara ja sama, wajibi ne ya saɓa wa zuciyarsa, ya sunkuyar da hancin, ya ƙara wuta. Haƙiƙa wannan tarbiyyar nafsi ce.

Ijaza kuwa, wato lasisin farko, ba ta samuwa sai an cika aƙalla sa'o'i 40 a sama bisa ƙa'idar duniya, ga hazon hunturu da kan hana tashi kwana da kwanaki. Madalla da haƙurinku, ya ku almajirai, da na malamin da kan sauka wata rana ya ce wa ɗalibi ya tashi shi kaɗai.