Dala Ba Ta Da Tambari

Wanda ya shiga kasuwar Matankari zai ji ana ciniki da dala. Mai goro ya ce dala ashirin, mai saye ya miƙa tamma ɗari, domin dala ɗaya tamma biyar ce ta sefa. Amma idan aka zo rubutu sai dalar ta ɓace, yaro ya rubuta 100 F, lissafin bakinsa daban, na allonsa daban. Malaman firamare na Arewa sun san wahalar da wannan ke jawowa a darasin lissafi.

Kundin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa a cikin kwamfuta da wayar salula, ya fara fitowa a 1991. A cikinsa naira tana da tambarinta ₦, sidi na Gana ya samu ₵ a 2005, rufi na Indiya ya samu ₹ a 2010. Sefa kuwa, da aka ƙirƙiro tun 1945, har yau da haruffan boko ake rubuta sunanta.

Wasu za su ce ai raini ne daga Turawa. Labarin rubutun N'Ko ya rushe wannan zance. Sulaimana Kante ya ƙago shi a 1949 domin harsunan Mandinko, ya shiga kundin a 2006, kuma a 2018 aka ƙara masa tambarin kuɗi biyu: na dorome da na taman. Dorome ita ce dalarmu, tamma biyar cif. Masu N'Ko sun daɗe suna rubuta waɗannan alamomi a littattafansu, shi ya sa da suka kai buƙata suna da shaida a hannu. Haka ma ƙarin haruffan ajamin Hausa suka shiga a 2020. Ƙa'idar kundin ke nan: abin da jama'a suka riga suka saba rubutawa yake karɓa.

Saboda haka gyaran yana hannunmu. Tunda dokar 2025 ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu daga Matankari zuwa Dogon Dutsi da Tibiri su zauna su tsayar da yadda za a taƙaita dala da jaka, a boko da ajami, su sa shi a littafin lissafi da rasit ɗin kasuwa. In hannu ya saba da shi, sai a nema masa lamba.