Falon da aka ce bai cika ba: sharhi a kan shawarwarin ƙawata ɗaki

Shawarwarin ƙawata ɗaki sun daɗe suna shigowa Nijar, hanyarsu ce kawai take sakewa. Da farko a cikin mujallun Faransa suke zuwa, irin su Art et Décoration da Marie Claire Maison. Daga baya tauraron ɗan adam ya kawo shirye-shiryen talabijin kamar D&CO, wanda tashar M6 ta soma a 2006, inda ake juya gidan mutum cikin ƴan kwanaki har ya shigo ya kasa gane shi. Yanzu kuwa abin ya koma wayar salula: gajerun bidiyo a TikTok da Facebook da WhatsApp, wasu da Faransanci, wasu da Hausa, ana tura wa amare da uwayensu. Harshe ya bambanta, zamani ya bambanta, amma maganar ɗaya ce: ɗakinka bai cika ba, ga abin da za ka saya ya cika.

Wanda ya kalli goma daga cikinsu ya kalli ɗari. A shimfiɗa kafet babba wadda ƙafafun kujeru za su hau kanta. A rataya labule kusa da rufi, ya sauko har ƙasa. A kafa madubi yana fuskantar taga, a sa tukunyar fure a kusurwa, a jera kayan ado uku-uku, a rataya hoto tsakiyarsa daidai da ido, wato kusan santimita 145 daga ƙasa. A ƙara fitilu ƙanana, kada a dogara ga ƙwai ɗaya da ke lilo a tsakiyar ɗaki. Adalci shi ne a ce masu wannan magana sun san aikinsu. Labulen da aka ɗaga sama yana ƙara wa bango tsawo a ido, a Pari ne ko a Tawa. Matsalar tana can ƙarƙashi, a cikin kalmar da aka gina komai a kanta.

Kalmar ita ce "vide". Bafaranshe yana faɗinta ga kwalba, ga aljihu, ga ɗaki, kuma kusan kullum da ma'anar rashi. Masu mai da shawarwarin Hausa sukan ce "ɗaki ba komai" ko "ɗaki wayam", su wuce. To amma Hausa ta raba abin da Faransanci ya haɗa. Akwai fili, akwai sarari, akwai yalwa, kuma duk ukun yabo ne: wanda ya ce ɗaki yana da sarari bai kushe shi ba. Kalmar da ke ɗauke da baƙin cikin "vide" ita ce kango, kuma kango gida ne da mutane suka bari, ko da tukwane da gadaje na nan a ciki. Ashe a idon Bahaushe rashin mutane ke mai da wuri wofi. Malamin da ke koyar da fassara zai iya cika awa guda da wannan misali shi kaɗai.

Zaure ne shaida ta farko. Wanda ya bi lungunan Birni a Damagaram, ya leƙa zaurukan tsofaffin gidajen da ke kewaye da fadar Sarki, zai ga an zuba ado a waje: dagi da sauran zane a fuskar bango, zankwaye a bisa, ƙofa mai kwarjini. Ciki kuwa sai daɓe, sai dakali, sai tabarma ko buzu, wani lokaci allo da buta a gefe. In ido ya nemi abin kallo sai ya ɗaga sama, ya tarar da bakan gizo da jerin azara. Ba talauci ne ya bar zauren haka ba, don masu waɗannan gidaje fatake ne da sarakuna da malamai. An bar shi ne domin aikinsa. Da safe makaranta ne, da hantsi wurin sana'a, da la'asar wurin sasanta rigima, da dare masaukin baƙo. Ranar ɗaurin aure ko zaman makoki ya ɗauki mutum talatin. Kowane kaya da aka kafa a cikinsa mazaunin mutum ɗaya ya ci. Haka magini Alhaji Falke Barmu ya yi a masallacin Yama, cikin jihar Tawa, wanda aka soma a 1962 kuma ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986: ƙasa da haske da baka su ne adon cikinsa.

Shaida ta biyu ta fi nauyi, don tana nuna Hausawa ba su jahilci cika ɗaki ba. Ɗakin mace cike yake, wani lokaci har ba masaka tsinke. Jere fasaha ce mai ƙa'ida, kuma akwai matan da aka sani da ita a kowace unguwa, su ake kira ranar kai amarya. A da ƙore ne da akussa da tasoshi, wasu a ragaya, wasu a ɗore bisa juna daga babba zuwa ƙarami. Sai langa da kwalla masu fure suka zo, sai tangaran, sai kabad mai gilashi, sai gado mai rumfa da katifu a jibge. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 a kan aure a Maradi, ta bi wannan sauyi tsawon ƙarni na 20, ta nuna cewa kayan ɗaki ma'aunin darajar mace ne da yawan mutanenta. Adeline Masquelier ta ga irin haka a Dogon Dutsi, inda masu wa'azi suka yi ta sukar tsadar aure, mata kuma suka ƙi sakin gadon amarya.

Dalilin ƙin nasu a fili yake ga wanda ya san yadda ake tara kayan. Uwa takan soma saye tun ɗiyarta tana talla. Ta yi adashi, ta yi biki ga ƙawayenta shekara da shekaru domin ranar tata su rama. Gwaggo ta kawo kwalla, inna ta kawo zane, maƙwabciya ta kawo faifai. Saboda haka matan da suka shigo ganin ɗaki ba launi kaɗai suke dubawa ba, karatu suke yi: wa ya tsaya wa yarinyar nan, dangi nawa gare ta, uwarta ta iya zama da mutane ko ba ta iya ba. Ban da haka kayan nata ne na kanta. Shekarar da damina ta ƙi, ko yaro ya kwanta ciwo, ta ɗauki kwalla biyu ta sayar. In aure ya mutu ta kwashe abinta. Jere ado ne, kuma rumbu ne, kuma takardar shaida. Tukunyar furen roba da aka sayo don toshe kusurwa ba ta yin ko ɗaya daga cikin ayyuka biyun na ƙarshe, kuma a nan ne shawarar zamani ta fi rauni: tana koyar da sayen abin da ba ya sake sayuwa.

To, ina ne ake jin wofin da bidiyoyin ke magana a kai? A falo, ko salon kamar yadda ake cewa a Yamai. Shi ɗaki ne na uku, ba zaure ba, ba ɗakin mace ba. Ya zo tare da gidajen siminti na ma'aikata tun zamanin mulkin mallaka, ya yaɗu lokacin da kuɗin uraniyum suka shigo a shekarun 1970, finafinan Kano kuma suka ƙara masa farin jini daga shekarun 1990 da manyan kujerunsu da labulayensu masu sheƙi. Bangonsa huɗu ne a miƙe, rufinsa shafaffe, babu baka, babu alkuki, babu dakali. Magini bai bar wa ido komai ba. Matashin malamin makaranta da ya kama haya, ya shiga da katifa da akwati da talabijin, in ya ce ɗakin nan da saura, gaskiya ya faɗa. Tambayar da ya yi mai kyau ce, amsar da aka ba shi ce aka ɗinka a jikin wani.

A gwada ta da ido tukuna. Santimita 145 ma'aunin mai tsayuwa ne a gidan nuna zane-zane. A gidaje da yawa, ko da kujeru na nan, a ƙasa ake cin tuwo, a ƙasa ake shan shayi, tsofaffi kuma sukan zame daga kushin su koma darduma da zarar an gama gaisawa. Idon mai zaune a tabarma bai kai mita ɗaya ba. Abin da yake gani shi ne shimfiɗa da gindin bango, wuraren da shawarar ba ta cika kulawa da su ba. A gwada ta da yanayi: kafet mai gashi da tarin ƙananan gumaka da littattafan ado, daga Disamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu za ta hau su kowace safiya, kuma an san hannun wa zai share. A watan Afrilu, zafi ya haura 40, labule mai kauri har ƙasa ya tare ƴar iskar da ta rage. Sai gwaji mafi sauƙi, ranar suna. Kujeru bakwai da teburin gilashi da tukwanen fure duka ake fitarwa tsakar gida a jingine, a shimfiɗa tabarmi, domin falon ya iya aikin da zaure ke yi ba tare da an ɗaga komai ba.

Akwai abin dariya a gefe. Kasuwar da ke sayar da maganin wofi ita ce kuma ke sayar da wofin kansa. Littafin Marie Kondo, wanda ya fito a Japan a 2011, ya sa mutane da yawa a Turai da Amurka suna zubar da kaya domin su sami sarari, har ana biyan masu koyar da hakan.

Wasu masu ba da shawara sun lura da ƙorafin aro, sai suka ƙara abin da suke kira taɓin gargajiya: faifai bakwai a manne a bango, ƙwarya mai zane a bisa tebur. Niyyar ba ta da laifi, kuma in ta kawo ciniki ga masu saƙar tabarma na Madawa, da masu ginin tukwane na Mirya, da dukawan Damagaram, an ci riba. Sai dai faifan da aka buga wa ƙusa ya zama kamar na zauren otal, an yi shi domin baƙon da bai san ana rufe fura da shi ba. Kayan nan sun fi kyau inda suke aiki. Tabarmar kaba mai launi tana yin abin da ake nema ga kafet, tana haɗa mazauna wuri ɗaya, ga sanyi, ga sauƙin kaɗewa, a naɗe ta in an gama. Tumtum na fata yana ba da wurin jingina daidai tsawon mai zaman ƙasa. Luru ko tera-tera guda ɗaya a bango ya ishe shi, ba sai an ƙara hotuna shida ba. Randa a kusurwa tana cika wurin da aka ce a sa fure, kuma baƙo ya sha ruwan sanyi.

Shawarar fitila ce ta fi cancantar a riƙe ta yadda take. Farin ƙwai ɗaya a tsakiyar rufi yana mai da falo kamar ɗakin jira na asibiti, ya fito da tsiraicin kowane bango. Tsofaffin magina sun san haka, shi ya sa suke fafe alkuki a jikin bango, ƙasa-ƙasa, inda fitilar mai za ta haska fuskokin mazauna ta bar rufi cikin inuwa. Mai haya ba zai fafe bangon siminti ba, mai gida ma ba zai yarda ba. Amma ƙananan fitilu masu cajin rana, waɗanda ake samu a kasuwannin Maradi da Damagaram, guda biyu a bisa ƴar kujerar katako a kusurwoyi biyu suna ba da kusan wannan haske, kuma suna ci ko an ɗauke wuta.