Ɗan Takara Ya Zama Alƙali: Sharhi Kan Karawar AlphaZero Da Stockfish

Jama'a, masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Gaskiya ne, amma gwajin ma sai an duba wanda ya shirya shi. Abin da nake so mu tattauna shi ne karawar da aka yi a watan Disamba na 2017 a wasan ces, wato darar Turawa, tsakanin manhajojin kwamfuta biyu: AlphaZero ta kamfanin DeepMind da ke Landan, da kuma Stockfish, wadda ita ce zakara a lokacin.

An buga wasa 100. AlphaZero ta ci 28, aka yi canjaras a 72, ba a cinye ta ko sau ɗaya ba. Nan da nan jaridu suka ɗauka, wai an yi sabon sarki. To, ni ban musa gwanintar AlphaZero ba. Tsarin gwajin nake suka.

Da fari, an ƙayyade minti ɗaya ga kowane motsi, alhali kuwa an gina Stockfish ne ta riƙa tattalin lokacinta, ta daɗe tana lissafi inda wasa ya rikice. Na biyu, an ƙuntata mata ma'ajiyar da take adana lissafinta, aka kuma hana ta kundin buɗe wasa. Na uku, Stockfish 8 aka kawo, wadda ta riga ta shekara da fitowa. Kamar a ɗaure wa ɗan dambe hannun dama ne, sa'an nan a ce ya shigo fage. Babban abin kuma, kamfanin shi ne ɗan takara, shi ne alƙali, kuma wasa 10 kacal ya nuna wa duniya.

Da suka ta yi yawa, a 2018 suka fitar da sakamakon wasa 1,000 da lokaci wadatacce: nasara 155, faɗuwa 6, saura canjaras. A lissafin ma'aunin Elo, tazarar da ta kai maki 100 ta sauko wajen 52. Ashe gyaran sharuɗɗa ya cinye rabin ratar!

A ganina, gwajin adalci yana da ginshiƙai huɗu. Na'ura ta zama daidai ga kowa gwargwadon hali. Wasanni su yi yawa, don ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Kowane salon buɗe wasa a buga shi sau biyu, wanda ya riƙe farare ya koma ya riƙe baƙaƙe. Sa'an nan alƙali ya zama bare, a kuma baje wasannin duka a fili. Ƙungiyar SSDF ta ƙasar Suwidin ta soma fitar da jerin matsayin na'urorin ces tun 1984, gasar TCEC kuwa a bainar jama'a ake yin ta.

Ga misali mai kyau. Leela Chess Zero, wadda 'yan sa kai suka gina bisa dabarar AlphaZero, ta shiga TCEC ta doke Stockfish a 2019 da maki 53.5 da 46.5, kowa yana kallo. Ita kuwa AlphaZero ba ta taɓa shiga irin wannan fage ba. Saboda haka, 'yan'uwa ɗalibai, duk sa'ad da aka kawo muku sakamako, ku fara tambayar wa ya riƙe ma'auni.