3.2 Tasirin Ƙaga Labari a Kan Rubutun Tarihi: Margery Perham da Tarihin Lugga

A wannan sashe za a duba rayuwar Margery Perham a taƙaice, sannan a yi nazarin yadda hannun da ta saba da shi wajen ƙaga labari ya bayyana a littattafanta na tarihi, musamman inda suka shafi Arewacin Nijeriya.

An haifi Perham a garin Bury da ke Ingila a shekarar 1895, ta kuma karanta tarihi a Jami'ar Oxford. Bayan ta koyar a Jami'ar Sheffield, sai ta tafi ƙasar Somaliya da ke hannun Ingilishi wajen 'yar'uwarta, wadda mijinta jami'in mulkin mallaka ne a can. Wannan zama shi ya haifar da ƙagaggen labarinta na farko, Major Dane's Garden, a 1925. Na biyu, Josie Vine, ya fito a 1927. Daga nan ta karkata ga nazarin mulkin mallaka. Ta zagaya Nijeriya tsakanin 1931 da 1932, ta wallafa Native Administration in Nigeria a 1937, ta kuma shafe shekaru tana koyar da jami'an da ake turowa Afirka. Ta rasu a 1982.

Babban aikinta shi ne tarihin rayuwar Lord Lugard, wanda Hausawa ke kira Gwamna Lugga, a juzu'i biyu: na farko a 1956, na biyu a 1960. Dole a yaba mata a nan. Ta karanta wasiƙu da takardun Lugga filla-filla, ta kuma shirya littattafan ajiyarsa na yau da kullum aka buga su, har yau mai son nazarin wancan zamani ba zai iya tsallake ta ba. Rubutunta kuma yana da daɗin karatu, ba ya gundura.

To amma daɗin nan shi ne abin dubawa. A ƙagaggen labari akwai tauraro, akwai matsalar da ke gabansa, akwai kuma sauran mutane waɗanda marubuci ke kawowa don su taimaka masa ko su tare masa hanya. Tauraron labarinta na farko Bature ne jami'i, jarumi, mai ganin ya san abin da zai gyara rayuwar mutanen ƙasa. Idan aka dubi juzu'an nan biyu da kyau, za a ga zubinsu bai yi nisa da wannan ba. Sunayensu ma sun nuna haka, domin na farko shekarun kasada ta kira shi, na biyu kuma shekarun iko. Mai karatu yana ganin faɗuwar Kano da Sakkwato a 1903 ta idon Lugga: ƙarancin sojansa, saɓaninsa da ofishin mulkin mallaka na Landan, rashin lafiyarsa, wasiƙunsa ga matarsa Flora Shaw. Sarkin Musulmi Attahiru, wanda ya yi hijira da jama'arsa aka kashe shi a Burmi cikin wannan shekara, ba ya samun irin wannan kusanci. Haka mutanen Satiru da aka ƙone garinsu a 1906. Ga kuma wani dalili: Perham ta san Lugga ƙwarai, sun yi aiki tare har rasuwarsa a 1945. Kusancin da ya ba ta takardun shi ne kuma ya ɗaure mata hannu.

A ganin mai wannan bincike, ƙasar Katsina ita ce ma'aunin da ya fi dacewa a gwada wannan zubi da shi. Tsarin da Perham ta daɗe tana bayyanawa tana kuma karewa shi ne mulki ta hannun sarakuna, wato a bar wa jama'a sarautunsu da al'adunsu, Bature ya tsaya a gefe yana ba da shawara. Amma cikin shekara huɗu da shigar Turawa Katsina a 1903 an tuɓe sarakuna biyu, Abubakar da Yero, dukansu Dallazawa, zuriyar Ummarun Dallaje mai tutar jihadi. A 1906 aka ɗora Durbi Muhammadu Dikko, Basulluɓe, bisa goyon bayan H. R. Palmer, ya kuma yi sarauta har 1944. Katsina tana da masu zaɓen sarki, cikinsu har da 'Yandaka, wanda shi ne hakimin Dutsin-Ma, amma a wannan karo magana ta ƙarshe ta Bature ce. Ba ana musun ƙwazon Sarki Dikko ba ne, ayyukansa sanannu ne. Abin da ake nunawa shi ne an sauya gidan sarauta ɗungurungum a ƙarƙashin tsarin da aka ce na riƙe al'ada ne. Haka kuma fitar da hakimai daga birni zuwa gundumomi da ɗora musu tara haraji ya sauya dangantakar talaka da sarauta a wurare irin su Kurfi da Dutsin-Ma. Labarin da aka gina a kan mutum guda ba shi da wurin da zai ajiye manomin da ya fara biyan wannan haraji.

Manazarta sun riga sun taɓo wannan rauni. Nicolson (1969) ya soki yadda aka kambama Lugga. Adeleye (1971) ya ba da labarin cin Daular Usmaniyya ta ɓangaren waɗanda aka ci, shi kuma Mahmud Modibbo Tukur, a kundinsa na Jami'ar Ahmadu Bello, ya bi rahotannin Turawan da kansu ya nuna yawan ƙarfin da aka yi amfani da shi.

Abin sha'awa shi ne Katsina ta samu nata marubucin da ya haɗa fannonin biyu. Malam Bello Kagara ya rubuta Ganɗoki, wanda ya fito daga gasar da Rupert East ya shirya a 1933, ya kuma rubuta tarihin Sarki Dikko. A Ganɗoki tauraron yana cikin waɗanda suka ja daga da Turawa a Kwantagora, don haka mai karatu yana tsaye ne a inda harsashi ke sauka. Sai dai shi ma Malam Bello hukumar Turawa ce ta buga masa littafi, kuma ba a rasa alamun hakan a ƙarshen labarin.

Kada a ɗauka Perham ta tsaya a wuri guda. A laccocinta na gidan rediyon BBC a 1961 ta yi lissafin riba da asarar mulkin mallaka, ta amince da wasu laifuffukansa. A 1968, lokacin yaƙin basasa, ta zo Nijeriya ta yi kira ga Ojukwu ta rediyo da ya ajiye makami, alhali a baya tana tausaya wa ɓangarensa. Amma juzu'an Lugga sun riga sun shiga ɗakunan karatu, daga cikinsu kuma aka tsamo da yawa daga bayanan da ɗalibai suka haddace game da mulki ta hannun sarakuna. Sashe na gaba zai kwatanta yadda ita da Malam Bello Kagara suka siffanta Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse.